Garmar da Aka Jingine

Ran Lahadi na miƙa wa wani dattijon ekklesiya Littafi Mai Tsarki domin ya karanta wa jama'a. Ya buɗe, ya yi ta tuntuɓe, har kunya ta kama shi, ni ma ta kama ni, gama shi ya koya mini baƙaƙe ina yaro. Idonsa lafiya lau. Littafinsa ne ya shekara takwas cikin akwati.

Garma in ta daɗe a jingine, tsatsa takan ci bakinta. Haka hankali yake, haka jiki, ruhu kuwa ya fi su saurin tsatsa. Daniyel ya saba durƙusawa sau uku kowace rana, shi ya sa sa'ad da sarki Dariyus ya kafa dokar hana addu'a, gwiwarsa ba ta yi masa nauyi ba. Bulus ma a Korinti ɗinkin tanti yake yi da hannunsa, ran Asabar kuma yana koyarwa cikin majami'a.

Ɗan'uwa, ka tashi da asuba, ka karanta sura ɗaya iyalinka suna ji, ku yi addu'a, kana ka ɗauki fartanya. Dattijon nan ya yarda za mu fara daga Markus, a zaurensa.