Wayar Tana Nan, Amma Ta Saki

Karatu: Karin Magana 24:30-34; Ezekiyel 36:25-27

Ina da ɗan lambu a bakin Gulbin Maraɗi, wanda na kewaye da ragar waya. Wata safiya da rani na tarar awaki sun shiga sun cinye kabejin da na yi wata 2 ina ba ruwa. Raina ya ɓaci. Na tafi wurin maƙwabcina, wani dattijo mai awakin, na faɗa masa maganganun da ba su dace da bakin fasto ba.

Bai rama ba. Ya ce, "Fasto, mu je mu ga ta inda suka shiga."

Muka zaga shingen. Ba wanda ya yanke waya, ba turken da ya faɗi. Sai ya sa ƙafa ya taɓa wayar ƙasa, ta yi lilo. Ya bi ta har kusurwa, ya nuna mini ɗan ƙarfen da ke jan ta. Na ce, "Baba, ka gafarta mini." Laifin nawa ne.

Wataƙila ka san wannan ƙarfe. Bai kai tafin hannu ba. Akwai sanda a tsakiyarsa wadda waya ke naɗewa a kai in an juya ta da sifana, da haƙora masu hana ta komawa baya. Zafin rana yana sa waya ta miƙe, dabbobi suna jingina da ita, saboda haka dole a riƙa ƙara juyi lokaci lokaci. Nawa kuwa damina 3 ban taɓa shi ba. Tsatsa ta ci haƙoran, waya ta saki, raga ta ɗaga daga ƙasa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A karatunmu na yau, mai hikima ya bi ta gonar rago, ya ga ƙaya ta rufe ta, katangar duwatsu kuma ta rushe. Bai ce ɓarawo ne ya rushe ta ba. Abin da ya ambata shi ne ɗan barci da ɗan gyangyaɗi. Ɗan'uwa, haka bangaskiya take sakwarkwacewa. Sunanka yana cikin littafin ikilisiya, kana zuwa sujada ranar Lahadi, daga nesa shingenka a tsaye yake. Amma yaushe rabonka da durƙusa kai kaɗai? Yaushe rabon iyalinka da buɗe Littafi Mai Tsarki tare? Waɗannan ƙananan abubuwa su ne ke riƙe da wayar.

Ran nan na kwance ƙarafa 6. Huɗu na goge musu tsatsa, na ɗiga baƙin mai, suka koma aiki. Biyu kuwa haƙoransu sun cinye. Kome juyin da na yi, sai su kuɓuce. Na yar da su na sayo sababbi.

Rayuwarka ma haka take. Akwai abin da gyara yake so: ka koma ga addu'ar asuba, ka koma zumunci, ka nemi gafarar wanda ka ɓata wa. Akwai kuma abin da mai ba ya gyara shi. Wannan abotar da ke janka ga zunubi, wannan ribar ta mudun zamba, ba lallaɓa su za ka yi ba, rabuwa za ka yi da su. Zuciyar da ta taurare kuma, Allah bai yi alkawarin yi mata faci ba. Ta bakin annabi Ezekiyel ya yi alkawarin cire ta ya ba da sabuwa, ya kuma sa Ruhunsa a ciki. Wannan aikin Yesu Almasihu ne, ba na ƙarfinka ba.

Kada ka jira sai awaki sun shiga, ka soma neman wanda za ka ɗora wa laifi. Zaga shingenka yau.

Addu'a: Ya Ubangiji, ka nuna mini inda na saki. Abin da ke gyaruwa ka taimake ni in gyara, abin da ya ruɓe ka ba ni ƙarfin hali in rabu da shi. A cikin sunan Yesu. Amin.