Ana Gadon Rashin Sa'a?

A littafin Holes na marubucin Amurka Louis Sachar, wanda ya fito a 1998, akwai wani yaro Stanley da tsautsayi ba ya rabuwa da shi. An kama shi da laifin satar takalmin da bai sata ba, aka kai shi gidan horon yara a Texas, kullum yana haƙar rami cikin rana. Mutanen gidansu kuwa tuni sun san mai laifi: kakan kakansa ne, wanda ya saɓa wa wata tsohuwa alkawari, bakinta ya bi zuriyarsa. Labarin na barkwanci ne, amma tambayar da ke cikinsa ita ɗalibaina suke yi mini duk lokacin da muka zo darasin gado a bayoloji: "Malam, wai ana gadon rashin sa'a?"

Ba su rasa hujja ba, domin kowane aji da irin wannan yaro. Ran da ya makara, ran nan shugaban makaranta zai tsaya bakin ƙofa da dorina. Bironsa ba ya ƙafewa sai tsakiyar jarrabawa. Babin da ya tsallake, daga nan tambayar farko za ta fito. Sai abokansa su ce ai wansa ma haka ya gama makarantar nan, abin a jini yake.

Ni dai amsata a'a. Gado yana da lissafi. Gregor Mendel, wani malamin coci a garin Brno, ya shekara da shekaru yana haɗa irin wake, ya wallafa sakamakonsa a 1866: siffofi suna bin zuriya bisa ƙa'idar da ake iya ƙirgawa. Rashin sa'a ba shi da wannan ƙa'ida. Abin da ke faruwa shi ne yaron yana riƙe ranar da aka kama shi, ya manta ranakun da ya makara ya sha. Mu kuma da mun laƙa masa suna, sai mu daina ganin komai nasa sai tuntuɓe.

Addini ma bai bar mu cikin duhu ba. Imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi, rukuni ne na imani, amma camfi daban. Larabawan jahiliyya sukan fasa tafiya saboda ɓangaren da tsuntsu ya tashi ya nufa, Manzon Allah (SAW) ya hana wannan. Alƙur'ani kuma ya maimaita cewa ba mai ɗaukar laifin wani. To ina kakan kaka zai samu ikon rataya wa jariri tsiya? Kuma da wane dalili za a ce amarya farar ƙafa gare ta don kasuwar angonta ta karye bayan biki?

Abin takaici, gadon da babu shi muke tsoro, na gaskiyar kuma mu kira shi tsautsayi. Dubi sikila. Idan uba AS ne, uwa ma AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS, wato sikila. Ba wai ɗa na huɗu ba: kowane ciki lissafinsa sabo ne. Ƙwayar halittar sikila ta yawaita a ƙasarmu ne saboda mai AS yana da kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan jariran da ake haifa da cutar. Duk da haka sai an haifi yaro yana kwana kuka da ciwon ƙashi, sannan a ce gidan ne ba su da sa'a.

Wani zai ce gwajin jini kafin aure gudun ƙaddara ne. Sayyidina Umar ya amsa wannan tuntuni, lokacin da ya juya daga hanyar Sham saboda annoba: ya nuna cewa komawar ita ma cikin ƙaddarar Allah take. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da na rukunin jini irin wannan.

Don haka, 'yan makaranta, mai makara ya riƙa kwanciya da wuri, mai biro ɗaya ya sayi na biyu. Kowa kuma ya je asibiti ya san ko AA ne shi, ko AS, ko SS, tun kafin soyayya ta rufe masa ido.