Takardar Shaida da Kunnen Mai Bishara

A da can mu ne ake aiko wa masu bishara. Limaman ƙungiyar SMA sun sauka a Shendam cikin 1907, suka zauna suna koyon harshe kamar yara ƙanana. Yau kuwa al'amari ya juya. Tun bayan da Kadinal Dominic Ekandem ya kafa Ƙungiyar Mishan ta Bulus Mai Tsarki a 1977, 'ya'yan Nijeriya ke ta ƙetare teku da bishara, kuma cikin fadanninmu da sistocinmu akwai waɗanda ake aikawa ƙasashen da Sifaniyanci ne harshensu. Kafin a danƙa wa irin wannan bawan Allah aiki, sai ya yi watanni a makarantar harshe. Ran da ya gama a miƙa masa takardar shaida, a ɗauki hoto, a aiko gida mu yi murna. Abin tambaya shi ne: shin wannan takarda ta isa ta ba shi izinin buɗe baki a gaban jama'ar Allah?

Ba mu raina ta ba. Majalisar Vatikan ta Biyu, cikin dokarta Ad Gentes ta 1965, ta buƙaci masu bishara su ƙware a harshen mutanen da aka aike su gare su. Wanda ya yi sakaci da nahawu ya yi sakaci da mutane. A Sifaniyanci akwai "tú" da ake ce wa aboki, akwai "usted" da ake ce wa babba. Fadan da ya gauraya su ya zama kamar yaron da ya tsaya gaban hakimi bai durƙusa ba, bai ce ranka ya daɗe ba. Gumin da aka zubar a aji gumi ne na ƙauna.

Amma mu da muke zaune a Malam Madori mun san abin da aji ba ya koyarwa. Tun da layin dogo na Kano zuwa Nguru ya ratsa nan, garinmu mahaɗar baƙi ne. Ran kasuwa za ka ga Bafulatani da Bamange da mutumin Bade suna ciniki da Hausa tsantsa, har ka ɗauka harshen uwarsu ne. To, bari ɗan Bafulatanin nan ya kwanta rashin lafiya da dare, ka ji da wane harshe uwarsa za ta lallashe shi. Hausa ta kai ka rumfarsa, ba lalle ta kai ka ɗakinsa ba. Haka Sifaniyanci yake ga ɗimbin mutane a Bolibiya da Guwatamala: harshen kasuwa da ofis, alhali a gida Kecuwa ko Aimara ko wani harshen Maya ake yi.

Ko a cikin harshe ɗaya ma akwai sauran karatu. Lokacin ambaliyar 2022, da ruwa ya cinye gonaki da gidaje a ƙasar Haɗeja, wanda ya iya jaje ba shi ne mai yawan kalmomi ba. Shi ne wanda ya cire takalmi, ya zauna a tabarma, ya ce sannu, ya yi shiru, ya bar manomi ya lissafa buhunan shinkafar da ya yi tsammani. Wace makaranta ce ke ba da maki a kan wannan shirun? Haɗarin takardar shaida ke nan: takan sa mutum ya ɗauka lokacin saurare ya wuce, lokacin wa'azi ya zo. Mu ma kada mu wanke kanmu. Cikinmu akwai waɗanda suka shekara ashirin a garin nan, Hausarsu ba ta wuce "nawa ne" ba, ga shi muna yi wa ɗanmu addu'a ya iya harshen Sifen.

Mu dubi Fada Stanley Rother, ɗan manomi daga Oklahoma ta Amurka. A makarantar horon limamai Latin ya gagare shi, har aka sallame shi, sai a wata makarantar ya kammala. A 1968 aka aike shi Santiago Atitlán ta Guwatamala. Ya koyi Sifaniyanci, sai ya tarar yawancin jama'arsa Tz'utujil suke ji. Mutumin da harshe ya taɓa kunyata shi ya koma ɗalibi a karo na uku. Ya ci abinci a gidajensu, ya yi noma tare da su, har ya kai ga yin Misa da wa'azi da harshensu, ya kuma sa hannu a fassarar Sabon Alkawari. Da yaƙin basasa ya tsananta, sunansa ya shiga jerin waɗanda za a kashe, ya koma Amurka na ɗan lokaci, sannan ya dawo wurin tumakinsa. Ran 28 ga Yuli, 1981, 'yan bindiga suka harbe shi a gidan fada. Ikilisiya ta ɗaga shi zuwa matsayin Mai Albarka a 2017.

Da za a ɗauki gawarsa zuwa Oklahoma, mutanen Santiago Atitlán suka roƙi danginsa a bar musu zuciyarsa. Aka yarda. Tana nan a cocinsu har yau.