Itacen Bakin Hanya, a Wuyan Wa Yake?

 

Tun shekarar 1975, zamanin mulkin Seyni Kunce, aka ware ranar 3 ga watan Agusta domin dashen itatuwa a ƙasarmu Nijar. Rabin ƙarni ke nan ana fitowa kowace damina, ana haƙa ramu, ana sa dashe, ana tafi, ana watsewa. To, wanda duk ya bi babbar hanyar da ta taso daga Damagaram ta ratsa Mirya da Gidimuni da Gidigir ta nufi Gure, sai ya tsaya a tsakiyar kowane gari da rana tsaka cikin bazara, ya dubi yadda mutane da dabbobi ke cunkushewa a ƙarƙashin 'yan itatuwan da suka rayu. Sa'an nan ya tambayi kansa ina sauran suka tafi.

Babu mai musun falalar dashe a cikinmu. Hadisin Anas ɗan Malik (R.A.) da ke cikin Buhari da Muslim sananne ne, har yaran Islamiyya sun haddace shi: ana rubuta wa Musulmi sadaka a kan duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga abin da ya dasa. Sai dai mun saba karanta hadisin mu tsaya a kan dashen, mu manta da cin. Alhali kuwa ladar tana gudana ne gwargwadon amfanin da halitta ke samu, kuma ba a cin 'ya'yan itacen da ya mutu tun yana wata biyar, ba a kuma zama a inuwarsa. Wani mai barkwanci zai ce ai akuyar da ta cinye dashen ita ma dabba ce, ta ci, lada ta samu. Ba mu isa mu ƙuntata rahamar Allah ba, amma dai kowa ya san ba don a ba akuya loma biyu aka ɗauko dashen daga gandun reno ba. Saboda haka tambayar da muke son mu duba ita ce: bayan an dasa an watse, itacen nan na bakin hanya a wuyan wa yake?

Mu fara da abin da dashe ke bukata a irin ƙasarmu. Daminarmu ba ta cika wuce wata uku ba. Abin da aka dasa a Agusta zai sha ruwan sama na 'yan makonni, daga nan sai ya fuskanci wata tara babu ɗigo, ga iskar hunturu mai tono saiwa da binne ganye da rairayi, ga zafin bazara da ke haura digiri 40. A cikin kwaruruka ruwa yana kusa, shi ya sa dabino da goriba suke tsaye da kansu, amma tituna da kasuwanni da ƙofofin masallatai galibi a kan tudu suke. Sai dashe ya sami rani biyu ko uku ana shayar da shi kafin saiwarsa ta kai ga laima, kuma duk tsawon wannan lokaci sai da shinge. Haƙa rami aikin hantsi guda ne, shayarwa da gyaran shinge kuwa aikin kwana ɗari bakwai ne ko fiye, kuma babu mai ɗaukar hoto a cikinsu.

Abin mamaki shi ne, mutanen ƙasar nan sun riga sun nuna wa duniya cewa sun iya renon itace, amma a gona. Bayan farin 1973 zuwa 1974 da na 1984, da taron ƙasa da aka yi a Maraɗi a 1984 kan yaƙi da hamada, manoma suka rungumi abin da ake kira sassaben zamani, wanda wani Bature ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya fara yaɗawa a yankin Maraɗi tun 1983. Maimakon a share gona ƙal, sai a bar tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture, a zaɓi masu ƙarfi, a rage sauran. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200 ta wannan hanya, kuma gawon da ya cika gonakin Magariya da Matamai da Mirya yana cikin lissafin. Me ya kawo wannan? Da can, tun daga dokokin zamanin Turawa, ana ɗaukar itace tamkar na hukuma ne, manomi yana iya shan tara a kan itacen da ke tsakiyar gonarsa, don haka ba ya barinsa ya girma tun farko. Da wannan ƙunci ya sassauta, manomi ya tabbata cewa inuwar da makamashin da abincin dabbar nasa ne, sai ya tsare.

Itacen bakin hanya bai sami wannan gata ba. Gandun da aka fara dasawa a 1965 domin ya kewaye birnin Yamai, fulotai da gine-gine sun cinye babban sashensa, domin kuwa na kowa ne. Wasu za su ce maganin abin shi ne horo mai tsanani, su kawo labarin Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, da irin hukuncin da ake cewa ya ɗora wa mai sare gawo. Lalle horo yana da wurinsa. Amma tsoro yana hana gatari ne kawai, bai taɓa ɗauko jarka ya kai wa dashe ruwa ba.

Malamanmu sun karantar da mu bambancin farali aini da farali kifaya. Ba muna cewa dashen itace farilla ba ne, wannan hukunci na masana ne. Misali kawai muke ɗauka. Jana'iza farali kifaya ce, kuma ba mu taɓa ganin an bar gawa a garinmu ba, saboda mamaci yana da dangi da maƙwabta da liman waɗanda aka san sunansu, idan aka yi sakaci an san wanda za a kalla. Duk aikin da aka ce na jama'a ne ba tare da an ambaci sunan kowa ba, kowa sai ya ɗauka wani ya yi. A ganinmu, ya kamata a daina dasa itacen da ba a rubuta sunan mai renonsa ba tun kafin a haƙa rami. Goma masu masu sun fi dubu marayu, kuma ɗauko dashe dubu alhali an san babu mai shayar da su ɓarnar dukiya ce da wahalar waɗanda suka rene su, ko da an kira abin da sunan biki.

A nan ne wahalar take. Idan muka ce wane ne zai shayar da itacen ƙofar shagonsa shekara uku, shin inuwar ta zama tasa? Amsarmu ita ce a'a. Hanya ta Musulmi ce duka, da wanda ba Musulmi ba, da baƙo, da raƙumin baƙo. Mai reno yana da haƙƙin rassan da ya rage da 'ya'yan da suka faɗo, kuma ya fi kowa cancantar ya shimfiɗa tabarmarsa a wurin, amma ba shi da ikon korar matafiyi, ko karɓar kuɗin wuri daga mai tuyar ƙosai. Wato muna neman mutum ya yi wahalar mai gona ba tare da mallakar mai gona ba. Ba mu ɓoye cewa wannan abu ne mai nauyi. Shi ne kuwa irin cinikin da Sayyidina Usman ɗan Affan (R.A.) ya yi a Madina, da ya sayi rijiyar Ruma da dukiyarsa ya bar ta ga jama'a, shi ma yana ɗiba kamar kowa. Inda riba ta duniya ta gaza, babu abin da zai tsayar da mutum a kan jarka sai niyya. Idan masallatai ba su iya samar da wannan niyya ba, ba mu ga ofishin da zai iya ba.

Sai maganar ruwa, kuma ba ƙaramar magana ba ce. Mai hankali zai ce: mata da yara suna layi a bakin famfo, wasu da kuɗi suke sayen jarka, ya za a zuba wa itace? Babu jayayya, ƙishirwar ɗan Adam ce gaba, sai ta dabba. Amma mu dubi ƙofar kowane masallaci. Sau biyar a yini ana zubar da ruwan alwala, yana malala ya zama taɓo, masu wucewa suna tattare riguna, sauro yana samun gida. A ɗauka mutum 50 ne ke alwala a wani masallaci, kowa da lita guda a kowace salla. Lita 250 ke nan a yini, abin da ya isa ya shayar da dashe masu yawa. Ruwan nan mai tsarki ne. A mazhabarmu ta Malikiyya abin da aka karhanta shi ne sake yin alwala da shi alhali akwai wani. Ɗan magudani kawai ake bukata, a raba shi da na ban-ɗaki, a karkata shi zuwa gindin itace. Haka ruwan wankin hatsi da na ɗauraye kwanuka a gidaje. Alhazanmu sun ga dubban dogon yaro da aka dasa a filin Arfa, a ƙasar da ta fi tamu ƙarancin ruwan sama, kuma sun sha inuwarsu a ranar da aka fi bukatarta.

Rikicin akuya kuwa, fiƙihu ya riga ya raba shi. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an kawo hukuncin da Manzon Allah (S.A.W.) ya yanke game da taguwar Bara'u ɗan Azib da ta shiga gonar wani ta yi ɓarna, kuma Risala ta Ibnu Abi Zaid ta tafi a kansa: tsaron shuka da rana yana kan mai shuka, ɓarnar dare kuwa mai dabba ne ke biya. Wanda ya dasa ya bar dashensa tsirara a kan hanyar garke, kada ya zagi mai akuya. Ya samo kaba ko ƙaya ko tubali ya kewaye. Wanda kuma ya saki dabbobinsa suna kwana a titi, ya san akwai haƙƙi a kansa ko da babu wanda ya kai ƙara.

Masu sara iri biyu ne, kuma zalunci ne a haɗa su. Akwai matar da ba ta da abin hura wuta, da makiyayin da dabbarsa ke faɗuwa a ƙarshen rani. Waɗannan a koya musu rage reshe yadda itace zai sake toho, kamar yadda manoma ke yi a gona, kada a mayar da su ɓarayi. Akwai kuma mai kwaye ɓawon maɗaci ya zagaye gindin duka domin magani, alhali gefe guda ya ishe shi, da mai sare babban itace don ya tare allon shagonsa, da mai ƙona shara a gindinsa. Abu Dawud ya ruwaito gargaɗi mai tsanani ga mai sare magarya, kuma ya bayyana cewa ana nufin wadda matafiya da dabbobi ke fakewa a inuwarta, a sare ta a banza. Muslim kuma ya ruwaito hani ga yin bayan gida a hanyar mutane ko a inuwarsu, abin da ya kamata a riƙa tunatarwa a ranakun kasuwa. Itacen nan ɗaya tilo na hamadar Tenere, da ayari suka daɗe suna bari a tsaye, mota ce ta kayar da shi a 1973, yanzu gawarsa na gidan tarihi na Yamai.

Shi ma mai dashe yana iya cutarwa da kyakkyawar niyya. Kada a dasa a lungun da amalanke ke wucewa da ƙyar, ko ƙarƙashin wayar lantarki, ko jikin katangar maƙwabci, domin saiwar dogon yaro tana tsaga gini. Kada kuma a dogara da iri guda. Dogon yaro baƙo ne daga Indiya, ya yi mana hidima, amma a farkon shekarun 1990 wata cuta ta kama shi a ƙasar nan, ya riƙa zubar da ganye yana bushewa. Aduwa da kurna da magarya 'yan gida ne, sun san farinmu, suna kuma ba da 'ya'ya, sai dai saboda ƙayarsu filin idi da gefen maƙabarta da bakin kasuwar dabbobi sun fi dacewa da su.

Abin da muke roƙon kwamitocin masallatai shi ne, kafin damina ta sauka su tuntuɓi magajin gari da ma'aikatan gandun daji a kan wuraren da aka yarda a dasa, su rubuta sunayen masu reno a littafin masallaci, sa'an nan a karanta adadin waɗanda suka rayu bayan sallar Juma'a a watan Mayu. A wajen rubuta sunaye a lura da abu guda: samarin da suka fi ƙarfin haƙa rami su ne ke tafiya cin rani Kano ko Agadas da zarar an gama kaka, daidai lokacin da dashe ke neman ruwa. A rubuta waɗanda ke zaune a gari rani da damina, irin su ladan da mai shago da tela da dattawan unguwa. Idan kuma aka sa almajirai ɗaukar jarka, to a ba su abinci ko ladan aikinsu, kuma kada a sa su a lokacin karatu.