Riƙe Hannun Jari: Haƙuri Ne Ko Kwaɗayi?

Mutumin da ya riƙe hannun jarinsa, farashi ya hau bai sayar ba, ya faɗo bai sayar ba, shin haƙuri ya yi, ko kuwa kwaɗayi ne ya ɗaure masa hannu?

Kanawa sun ga wannan al'amari da idonsu. A 2004 Babban Bankin Nijeriya, ƙarƙashin Charles Soludo, ya umarci kowane banki ya kai jarinsa Naira biliyan 25. Bankuna suka fito sayar da hannun jari, 'yan kasuwa da yawa na Sabon Gari da Fagge suka saya. Farashi ya yi ta hawa har watan Maris na 2008, sa'an nan ya rikito. Kafin shekara ta zagayo, kasuwar ta rasa wajen kashi biyu cikin uku na darajarta.

To, jiran kasuwa a kan kansa ba laifi ba ne. A babin zakka, malaman Malikiyya sun kasa ɗan kasuwa gida biyu. Akwai mudiri, mai saye da sayarwa kullum, wanda ke yi wa hajarsa kuɗi kowace shekara ya fitar. Akwai muhtakiri, mai ajiye haja har ta yi daraja, wanda ke ba da zakkar shekara ɗaya ranar da ya sayar. Da jira haramun ne, da ba su tsara masa zakka ba. Ɓoyon da aka hana shi ne na abin da jama'a ke matse da bukatarsa, kamar abinci.

Sai dai muhtakirin da suke nufi ya san hajarsa, kuma da dukiyarsa ya saya. A nan ne 2008 ta tona asirin mutane. Wasu rance mai ruwa suka karɓa a banki, suka sayi hannun jarin banki, wato riba bisa riba. Da farashi ya karye, bashi bai karye tare da shi ba. Ga asara, ga ruwa yana hauhawa. Wasu kuwa kuɗin amana suka zuba, na marayu ko na abokin ciniki, suna cewa haƙuri suke yi. Haƙuri da dukiyar wani, ba tare da yardarsa ba, a ganinmu cin amana ne.

Wanda kuma bai san abin da kamfanin ke yi ba, lamba kawai yake kallo tana hawa da sauka, ya fi kusa da ɗan caca. Haka aka gani a Wapa, nan Fagge, a 2024: dala ta kusa Naira 1,900 a Fabrairu, ta sauko wajen 1,100 a Afrilu. Waɗanda suka saya don kawai sun ji ana saye, su ne suka fara rububin sayarwa da ta faɗo.