Shin Gizo-gizo Azzalumi Ne?

A shekarar 1699 wata Bajamushiya mai zane, Maria Sibylla Merian, ta bar Amsterdam tana da shekara 52, ita da 'yarta, suka shiga jirgin ruwa zuwa Suriname a Kudancin Amurka. Abin da ya kai ta? Ƙwari. A 1705 ta fitar da littafi mai zane 60, kuma ɗaya daga ciki nake so ki tsaya ki duba.

Reshen gwaiba ne, tururuwa sun kusa cinye ganyensa. Wani ƙaton gizo-gizo mai gashi ya danne ɗan mitsitsin tsuntsu, ga ƙwansa nan a sheƙa ba mai kwanta musu. Wani gizon ya cafke tururuwa, su kuma 'yan uwanta sun taru a kan wani ƙwaron suna yagarsa. Kowa na ci, kowa ana cin sa.

Na san zuciyarki tana wajen tsuntsun, uwa ce ke. Amma anya kalmar zalunci ta hau kan gizo? Azzalumi shi ne wanda ya san haƙƙin wani, yana da halin bari, ya take. Gizo bai da rumbu, bai da kasuwa, bai san wata hanya ba. In ya ƙoshi ya bari. Kuma ita Merian ta rubuta cewa irin tururuwar can kan shiga gidaje ɗaki-ɗaki, su cinye ƙwarin da ke ciki har da gizo-gizon, mutane su fita su ba su wuri. Kin san kwarkwasa dai. Mafarauci a reshe, nama a ɗaka.

To me ya sa ba ta zana fure da malam-buɗe-littafi kawai ba? Masu kuɗin Turai na lokacin sun fi son ƙwaro busasshe, a soke da allura, a jera cikin akwati. A ganina nasu ne ya fi rashin imani, don sun raba ƙwaro da abincinsa da maƙiyinsa. Ita ta bar shi a reshensa, ba ta yi masa kwalliya ba.

Bayan rasuwarta a 1717 wasu masana suka ce ƙarya ta zana, wai gizo ba ya cin tsuntsu. Sai da aka haura shekara 100 kafin wani Bature ɗan Ingila, Henry Walter Bates, ya gani da idonsa a dajin Amazon.