Hasken Jikoki da Duhun Maƙwabci

A watan Janairun 2021 'yan ta'adda suka rusa turakun wutar lantarki da ke tsakanin Damaturu da Maiduguri. Aka gyara a watan Maris, bayan 'yan kwanaki aka sake rusa su. Haka muka yi azumin shekarar cikin zafin bazara, ƙanƙara ta zama sai mai hali, masu walda da teloli suka koma ga janareta. Duk wanda ya ɗanɗana wannan ba ya bukatar a gaya masa darajar haske.

Shi ya sa labarin wata na'ura da ake ginawa a Kadarash, kudancin Faransa, ya tsaya mini a rai. Sunanta ITER, kuma irinta ake kira tokamak, wadda masanan Tarayyar Sobiyet suka ƙago a shekarun 1950. Siffarta kamar gammo take. A cikinta ake son dafa iskar haidurojin har zafinta ya kai digiri miliyan 150, ninki goma na zafin tsakiyar rana, a riƙe ta da ƙarfin maganaɗisu don kada ta taɓa bango. A wannan zafi ƙwayoyin zarra ke haɗewa su saki makamashi. Amincinta shi ne, da zarar an sami tangarɗa iskar za ta huce, wutar ta mutu da kanta. An sa hannu kan yarjejeniyar aikin a 2006, amma bisa jadawalin da aka fitar a 2024, sai 2039 za a fara gwaji da cikakken man da aka nufa.

To, mai karatu, ga tambayar: shin daidai ne a zuba biliyoyi domin hasken jikoki, alhali maƙwabci yana kwana cikin duhu yau?

Mai suka zai ce da tsinin allura a ƙasa gara a ɗauke shi kafin a hango tauraro. Hujjarsa na da ƙarfi, domin tashar gaggawa mai megawat 50 da aka buɗe a Maiduguri a 2023 ta fi kusa da ciwonmu. Sai dai a dubi itatuwan darbejiya da ke inuwantar da titunan garin nan. Akasarin waɗanda suka dasa su ba su zauna a inuwarsu ba. Da sun tsaya ga bukatar ranarsu kaɗai, da rana ta cinye mu. Wanda ba a haifa ba shi ma maƙwabci ne, illa dai ba ya da bakin kai ƙara.

Amma inuwar darbejiya ba ta tambayar wanda ya zo. Nan ne sharaɗin yake. Amurka da Rasha da Sin da Indiya da Japan da Koriya ta Kudu da Tarayyar Turai sun haɗa hannu duk da gabar da ke tsakanin wasunsu, amma babu ƙasar Afirka ko ɗaya a cikinsu. Idan hasken ya zo ya tsaya a gidajen masu shi, an yi dashe ne cikin katanga.

Mu ma da namu nauyin. Tun 2004 Zariya ke da ƙaramar na'urar binciken nukiliya. Ɗalibin kimiyya da ke karatu da fitilar waya a yau, shi ya kamata mu tura ya zauna inda ake shawara, tun kafin a raba inuwar.